Kaset ɗin Baba da ɗakin da ke yoyo: da wanne za a fara?

Tambaya: Ni ma'aikaci ne, ina zaune a Tudun Wada, Zariya, ba ni da lokacin kaina sai Asabar da Lahadi. Marigayi mahaifinmu ya bar mana kwali biyu na kaset, sun kai 150. Akwai na Shata, Ɗanƙwairo, Ɗanmaraya, akwai tafsiri, akwai kuma waɗanda ya ɗauka da kansa da rikodarsa. Ɗakin da suke ciki yana yoyo, fentin ƙasan bango yana ɓarewa, wasu kaset ɗin har sun yi fari-fari a ciki. Ga damina tana ƙarewa. Ina so in gyara ɗakin da hannuna, in kuma juye waƙoƙin a waya. Da me zan fara?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Malam, kafin a zo maganar siminti da fenti, yau ɗin nan ka kwashe kwalayen daga wannan ɗaki. Ka kai su inda iska ke shiga, ka ɗora a kan tebur, ka buɗe bakin kwalin. Kada ka shanya su a rana, domin robar kaset tana lanƙwashewa, zaren kuma ya miƙe, in ya miƙe kuwa murya ta canja ke nan. Sannan kada ɗoki ya sa ka jefa ko ɗaya a cikin tsohuwar rikodar Baba don ka ji ko tana aiki. Rikodar da ta yi shekaru ba a kunna ba, ta fi tsufa saurin kashe kaset, a minti na farko take taune zare.

Da rufi za ka fara, sai bango. Gyaran bango rabinsa jira ne, jiran bulo ya bushe, jiran filasta ta bushe, to a cikin wannan jira za ka yi aikin kaset. Kayan aiki kuma ka saye su ranar Juma'a da yamma ko Asabar da sassafe, don shaguna da yawa a Sabon Gari ba sa buɗewa ranar Lahadi.

Inda ka ga tabo a silin ba lalle nan ramin yake ba. Ruwa yana bin katakon rufi ya gangara mita ɗaya ko biyu kafin ya ɗiga. In akwai ƙofar shiga silin, ka leƙa da tsakar rana ba tare da tocila ba, duk inda kwano ya huje za ka ga haske ya tsirgo. Ka tura tsinken tsintsiya ta ramin, in ka hau sama ka gan shi a tsaye. Hawan kuma da safe ake yi, bayan raɓa ta bushe, kafin kwano ya ɗau zafi, da wani a ƙasa yana riƙe da tsani. Ka riƙa taka layin ƙusa kawai, don nan katako yake a ƙasa, ka kuma lura da wayar wuta da ta shigo gidan.

Yoyon kwano bai cika wuce abu uku ba: ƙusar da ta ɗago ko robar kanta ta mutu, ƙusar da kafinta ya buga a kwarin kwano maimakon tudunsa, da kuma mahaɗar kwano biyu da ba su hau juna sosai ba. Ƙusar da ta ɗago kada ka mayar da ita da guduma, ramin ya riga ya buɗe mata. Ka zare ta, ka sa wadda ta fi ta kauri mai sabuwar roba. Ƙananan ramuka kuwa ka kankare tsatsar wurin da burushin ƙarfe, ka goge ƙura, ka manna faifan kwalta mai azurfa a baya wanda ake sayarwa a naɗe, ka bar shi ya zarce ramin da santimita 5 ta kowane gefe, ka danne da ƙotar guduma. A kan jiƙaƙƙen kwano ko mai ƙura ba ya kamawa, shi ya sa wasu ke cewa ba ya aiki. In silin ɗin tsohon allon asbesto ne, irin na gidajen da aka gina shekaru da dama, kada ka yanka shi da zarto ko ka huda shi, ƙurarsa tana cutar da huhu. Wanda ya ruɓe a jiƙa shi da ruwa a cire shi ɗungurungum.

Yanzu bango. Fenti da ke ɓarewa daga ƙasa zuwa wajen gwiwa ko ƙugu, da farin gari mai kama da gishiri, ba daga rufi ruwansa yake zuwa ba, daga ƙasa bulo ke tsotso shi. In kana son tabbatarwa, yanki leda fara kamar faɗin littafi, ka manne ta a bangon da salatif ta gefe huɗu, ka bar ta kwana biyu. In ruwa ya taru tsakanin leda da bango, daga cikin bulo yake fitowa. In a bayan ledar ya taru, ta ɓangaren ɗaki, iska ce ba ta yawo a ɗakin, maganinsa buɗe taga.

Daga nan ka zagaya bayan ɗakin, don can cutar take. Ka duba ko ƙasar waje ta fi daɓen ɗakin tudu, ko ruwan da ke zubowa daga bakin kwano yana dukan gindin bango, ko kwatar maƙwabci tana kwance jikinsa, ko bututun banɗaki yana tsiyaya. Gidaje da yawa an gina su ba a shimfiɗa leda a kan harsashi ba, don haka duk ruwan da ya kwanta a gindin gini sai ya hau. Ka rage ƙasar wajen har ta koma ƙasa da daɓe da aƙalla santimita 15, ka zuba dakali mai faɗin santimita 60 jikin bangon, mai gangara zuwa waje. Wanda ya tsallake wannan ya tafi fenti, damina mai zuwa zai sake sayen fenti. Haka wanda ya liƙa tayil ko ya shafa fentin mai a ƙasan bangon: ya ɓoye laimar ne kawai, za ta haura ta ɓullo a saman tayil ɗin.

A ciki, ka fasa tsohuwar filasta har santimita 30 sama da inda tabon ya tsaya, ka bar bulon tsirara mako 3 zuwa 4, taga a buɗe. Farin gishirin da zai riƙa fitowa ka share shi da busasshen burushi; in ka wanke da ruwa, narkewa zai yi ya koma cikin bulo. Ranar filasta, kwaɓin shi ne siminti 1, yashi 4. Buhun siminti mai kilo 50 kwanon sarki 2 ne, ke nan yashi kwano 8, kuma zai rufe maka wajen murabba'in mita 9 in kaurin filastar santimita ɗaya da rabi ne. Yashin ya zama na rafi, tankaɗaɗɗe. Ka damƙi jiƙaƙƙensa a hannu, in ya bar maka jan laka a tafi, yumɓu ya yi yawa, filastar za ta tsattsage. Ka zuba garin hana ruwa da ake sayarwa a shagon kayan gini, gwargwadon yadda aka rubuta a jikin ledarsa, ka yayyafa wa bulo ruwa kafin ka fara, kada kuma ka kwaɓa abin da ba za ka gama shafawa cikin awa ɗaya ba.

Lissafi zai kai ka filasta cikin Nuwamba ko Disamba, lokacin da hunturun Zariya ke busar da komai da gaggawa. Siminti kuwa da ruwa yake yin ƙarfi, ba da bushewa ba. Sai an yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana 7. Tunda kana wurin aiki a ranakun mako, ka ɗora wa wani yaro a gida wannan aiki. Bayan mako 4 a yi fentin ruwa, shafi biyu, awa 3 ko 4 tsakani. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 lita 10 ta ishe shi, rabin babban bokiti ke nan. In ranar ta zo da hazo da iska, ka ɗaga zuwa wani makon, ƙura tana mannewa a ɗanyen fenti.

Wannan duka na ginin bulo ne. In ɗakin na ƙasa ne, irin na cikin birni, a bar siminti a gefe a nemo magini ya yi yaɓe, a kuma cire ciyawar da ta toshe indararo. Filastar siminti ba ta riƙe jikin ƙasa, tana ɗagowa ta bar kogo da ruwa da gara ke zama a bayanta.

Kantar da za ka jera kaset ɗin a kai ba ta da wuya. Gidan kaset kaurinsa bai kai santimita 2 ba, katako mai tsawon mita ɗaya yana ɗaukar kusan 58 in an jera su a tsaye, ke nan katako uku sun ishi 150. Ka kafa a bangon da ke tsakanin ɗaki da ɗaki, ba na yamma da rana ke gasawa ba, mita ɗaya da rabi daga ƙasa, nesa da manyan sifiku, domin maganaɗisun cikinsu yana rage abin da ke kan zare. Ka shafa wa katakon maganin gara, ya sha iska har warin ya fita kafin kaset su hau.

To, ga kaset ɗin. Ranar Asabar ta farko kada ka kunna komai, rabo kawai za ka yi. A ganina ba a wurin manyan mawaƙan dukiyarka take ba. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Ɗanmaraya a 2015, kuma mafi yawan sanannun waƙoƙinsu an daɗe da juye su, masu tura waƙa a kasuwa za su cika maka memori da su cikin ɗan lokaci. Abin da babu shi a ko'ina shi ne wanda Baba ya danna wa jan maɓalli da kansa: wasan da makaɗi ya yi a bikin gidanku, shirin da ya kama daga Rediyon Kaduna, karatun wani malamin unguwa a watan azumi, saƙon murya da ake aikawa ɗan'uwa da ke nesa kafin zuwan wayar hannu, wataƙila har muryarsa shi kansa. Irin waɗannan galibi a kaset mai rubutun biro suke, ko marar rubutu sam. Su za ka ware a gaba. Ka kuma ɓalle 'yan harsunan roba biyu da ke saman kowanne, don in an ɓalle su rikoda ba ta yarda a yi ɗauka a kai, ko yaro ya danna bisa kuskure.

Farin da ka gani ta tagar kaset funfuna ce. Waɗannan ka raba su da sauran, don in suka bi ta cikin rikoda za su shafa wa na bayansu. Ka bar su mako biyu a busasshen wuri. Sannan a tsakar gida, da takunkumi a hanci, ka kwance sukurori biyar na jikin kaset, ka share farin da ke gefen naɗin zaren da busasshiyar auduga a hankali, ka goge cikin robar da sifirit, ta bushe, ka mayar. Daga nan ka zura biro mai kusurwa shida a cikin ƙafar kaset, ka riƙa juyawa, zaren yana wucewa ta kan ƙyalle mai laushi marar gashi. Aikin haƙuri ne, kaset ɗaya zai iya cin rabin awa, shi ya sa ba kowanne ya cancanta ba. Akwai kaset da ba su da sukurori, manne su aka yi. Su sai an tsaga gefen da wuƙa a kwashe zaren a mayar cikin robar wani kaset da ba a damu da shi ba. Kafin ka ɗaga komai, ka ɗauki hoton yadda zaren ya bi ta kan 'yan tayoyin kusurwa.

Ka duba tsakiyar bakin kowane kaset, bayan zare, akwai ɗan soso ƙarami a kan siririn ƙarfe. Shi ke danna zare jikin kan rikoda, wato ƙarfen da ke karanta sautin. Gam ɗinsa yakan mutu ya faɗi, sai murya ta fito a dushe ko ta riƙa ɗaukewa, mutane su ce kaset ya mutu alhali ɗigon gam kawai yake nema. In zare ya tsinke, ka ɗora bakin biyu a kan juna, ka yanka su tare da reza a karkace, ka haɗa baki da baki, ka manne ta bayan zaren, wato fuskar da ke kallon cikin kaset. Fuskar waje ita ke ɗauke da sauti. Akwai salatif na musamman na wannan aiki. In ba ka samu ba ka yi amfani da ɗan mitsitsin na gida, amma ka juye kaset ɗin a ranar, domin gam ɗinsa yana narkewa da zafin bazara ya manne zaren da ke kusa. Kaset masu lamba 120, wato masu minti 120, sun fi kowanne siririn zare, su ne masu saurin tsinkewa. Masu 60 sun fi ƙwari.

Rikodar kanta, abin da ya fi mutuwa a ciki shi ne bel, wato robar da ke juya tayoyi. Da shekaru robar takan saki, ko ta narke ta zama baƙin danƙo a jikin tayoyi. In ka danna sai ka ji mota tana kuka amma ƙafar kaset ba ta juyawa, shi ne. Masu gyaran rediyo suna canja shi, kuma a nan ba na ba ka shawarar ka yi da kanka sai in ka saba buɗe irin kayan nan. Abin da ke naka shi ne wanki. Ka buɗe murfi, za ka ga kan ƙarfe mai sheƙi a tsakiya, da siririn sandan ƙarfe, da baƙar tayar roba da ke matse zare jikinsa. Ka tsoma tsinken goge kunne a sifirit ka goge kan da sandan har audugar ta daina fitowa ja. Tayar robar ka goge ta da auduga mai ɗan ruwa, kana juya ta. Ban da fetur, ban da kananzir. In tayar ta taurare ta yi santsi, ita ce mai cin zare, a canja ta. Ka bar komai ya bushe minti 10, ka gwada da kaset uku da ba ka damu da su ba, kowanne daga farko har ƙarshe.

Ga wani abu da mutane kaɗan suka sani. A gefen kan rikoda akwai ɗan sukuru mai sifirin a ƙarƙashinsa, shi ke daidaita tsayuwar kan. In rikodar da aka yi ɗauka da ita ba ta zo daidai da taka ba, sautin zai fito kamar an rufe sifika da bargo. Kaset yana tafiya, ka juya sukurun kaɗan-kaɗan, kada ya wuce kwata, hagu ko dama, kana saurare da abin kunne. Za ka ji inda kaifin kalangu ko tsinin kuntigi ya washe, nan za ka tsaya. Sukudireban kada ya zama mai maganaɗisu. In kuma rikodar Baba ce ta yi ɗaukar, kuma ba a taɓa sukurun ba, ka bar shi yadda yake, ya riga ya dace da kaset ɗinsa.

Wajen juyewa, ajiye waya a gaban sifika shi ne mafi muni, za ka ɗauko kukan akuya da ƙarar keke napep tare da waƙar. Igiyar sauti ake ja daga ramin abin kunne na rikoda zuwa kwamfuta. Sai dai ramin da ke jikin kwamfutocin yanzu na makirufo ne, sautin rikoda ya fi ƙarfinsa, sai ya fashe. Ka nemi ɗan akwatin sauti na USB mai ramin shigar da sauti daga na'ura. Manhajar ɗaukar sauti ta Audacity kyauta ce, ta isa. Ka saita ingancin ɗaukar a 44,100 Hz da 16-bit, ka nemi wurin da kiɗa ya fi ƙarfi a kaset ɗin, ka rage murya har ma'aunin ya riƙa tsayawa wajen 6 ƙasa da sifili, kada ya taɓa ja. Kafin kowane kaset ka tura zaren har ƙarshe ka dawo da shi, don ya saki. In ka ji gurnani a ƙarƙashin sautin, cire cajar kwamfuta ta yi aiki da batirinta, ka kuma guji ɗauka da wutar janareta. Rikoda mai batir kuwa a sa mata sababbi. Zare yana tafiya ne a santimita 4.76 cikin daƙiƙa, batir na yin sanyi gudun zai ragu, muryar mawaƙi ta yi kauri ta ja. Ƙananan na'urorin nan masu araha da ke juye kaset kai tsaye zuwa filas suna yi, amma gudunsu yana rawa. Na yarda da su a kan wa'azi da hira, ban da kiɗa.

Ka adana asalin ɗaukar a WAV, tsarin fayil da ba ya rage ingancin sauti, ba tare da ka taɓa ta ba. Minti ɗaya yana cin kusan megabait 10, kaset mai minti 90 ya tasam ma megabait 900. Daga ita za ka fitar da MP3 na waya, a ingancin 192 kbps, wanda bai wuce megabait 130 ba. Shuu ɗin nan na kaset kada ka matsa wajen goge shi da manhaja, in aka yi yawa murya takan koma ta gwangwani, kuma tare da shi ake share amon kiɗan.

Babu hanyar gaggauta aikin, kaset mai minti 90 minti 90 zai ci. Tsakanin ɗaurin aure na Asabar da kai yara Islamiyya, in ka samu uku a mako ka yi ƙoƙari, 150 kuwa shekara guda ke nan. Wannan ne dalilin rabon da na ce ka fara da shi. Kada kuma ka haɗa rikoda da aikin fasa filasta a wuri ɗaya, ƙurar siminti tana cin kan rikoda da zare. Lokacin aikin bango ka saurari waɗanda ka riga ka juye, daga waya.

Ranar Lahadi da la'asar, ka kai wa Hajiya ko wani daga cikin ƙannen Baba abin da ka juye a makon, da littafi a hannunka. Su ne za su ce maka wannan bikin wance ne, shekarar kaza, ga makaɗin, ga wanda ake wasawa, ga mai guɗar da ake ji a baya. Ka ba kowane kaset lamba, ka ɗauki hoton rubutun Baba da ke jikinsa gaba da baya, lambar nan kuma ita za ta fara sunan fayil ɗin, sai sunan mai waƙa, sai wuri da shekara in an tuna. Wanda aka yi saɓani a kan shekararsa ka rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa.

Kwafi ya zama a wuri uku: kwamfutarka, wani faifan ajiya da zai zauna a gidan ɗan'uwa, da kuma intanet. Filas da memori suna mutuwa ba sallama, kada ɗayansu ya zama shi kaɗai ne ma'aji. In za ka tura wa dangi ta WhatsApp, MP3 ɗin za ka tura. Kaset ɗin kansu kada ka zubar bayan an juye; ka mayar da zaren kowanne farko, ka sa shi a gidansa, su hau kanta bayan fenti ya yi mako biyu. Cikin Afrilu, kafin iskar farkon damina, ka sake hawa rufin ka bi layin ƙusa ɗaya bayan ɗaya.